Na yi wa Baba tsawa a gaban layi, yanzu ɓoye mini kuskure ake yi

Assalamu alaikum Gwaggo.

Ni famasis ce, shekaruna 28. Wata tara ke nan da aka turo ni wani babban asibitin gwamnati bayan na gama bautar ƙasa. Mu uku ne a tagar marasa lafiya na waje, ni da teknishan biyu. Ɗaya dattijo ne sa'an mahaifina, ya shekara 26 a ɗakin maganin nan, kowa Baba yake ce masa. Ɗayan matashi ne, bai cika shekara biyu da fara aiki ba.

Mako uku da suka wuce wata mata ta kawo takardar ɗanta mai nauyin kilo 12. Likita ya rubuta maganin zazzaɓin cizon sauro, artemether/lumefantrine, mai ƙarfin 20/120 na yara. Baba ya ɗauko na manya, 80/480, ya rubuta ƙwaya ɗaya safe da yamma. Sai da ledar ta shiga hannun matar sannan idona ya kai. Ban san lokacin da na fizge ta ba, na ce, "Haba Baba, so kake ka kashe musu yaro?" Layi cike yake, masu karɓar kuɗi ma sun ji. Bai ce komai ba, ya koma ciki ya zauna. Tun ranar daga gaisuwa sai gaisuwa. Ko farasitamol zai bayar sai ya turo mini ya ce, "Ranki ya daɗe, a duba."

Shekaranjiya kuma na ji daga bakin mai shara cewa matashin ya ba wani mai lalurar ƙwaƙwalwa chlorpropamide, maganin ciwon sukari, maimakon chlorpromazine, maganin lalurarsa. Da ya gane washegari, sai ya nemi adireshi a kati, ya hau mashin ɗinsa ya je gidan ya karɓo ya musanya, bai gaya wa kowa ba. Oga ya ce in rubuta masa takardar tuhuma, in haɗa da na Baba. Ni kuwa na rasa abin yi. In na yi magana na zama marar kunya, in na yi shiru a cuci wani. Ta yaya zan gyara kuskuren mutanen da ke ƙarƙashina ba tare da na zubar musu da mutunci ba?

'Yarki

Wa alaikumus salam 'yata.

Kin sa maganar Baba a gaba kin bar ta mai chlorpropamide a ƙarshe. Ni daga ƙarshen zan fara, domin cikin duk waɗanda kika ambata shi kaɗai ne ba shi da halin kare kansa. Na riga na aika miki wannan ɓangaren tun ranar da wasiƙarki ta iso, amma zan maimaita saboda sauran 'yan uwanki da ke tsaye bayan irin tagarki.

Karɓo maganin da yaron nan, matashin teknishan, ya yi bai rufe magana ba. Sai an san ƙwaya nawa aka bayar, nawa aka dawo da su, nawa suka riga suka shiga ciki. Chlorpropamide ba ya barin jiki da wuri, yakan kai wajen awa 36 kafin rabinsa ya fita. Mutumin da ba shi da ciwon sukari in ya sha, sukarinsa na iya faɗuwa, a ba shi abu mai zaƙi ya farfaɗo, can tsakar dare ya sake faɗuwa. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne wanda aka ba. Faɗuwar sukari tana zuwa da gumi da karkarwa da ruɗewa da surutai, wani lokaci da faɗa, wani lokaci da suma. To a gidan da aka saba ganin mutum yana surutai, wa zai kawo sukari a ransa? Cewa za a yi ciwon ne ya tashi, wasu su ce iska ce, a kulle shi a ɗaki ko a tafi neman mai ruƙiyya, alhali ruwan sukari yake buƙata da gaggawar kai shi asibiti. Ga kuma nasa maganin na ainihi da ya tsallake.

Saboda haka ki ɗauki katinsa ki sami likitan da ya rubuta takardar, ki gaya masa yadda abin ya faru. A kira 'yan uwan majinyacin, a auna sukarinsa, a tambaye su yadda ya kwana a ranakun nan. Ki faɗa musu gaskiya da bakinki: "An ba ku maganin da ba nasa ba, kuskuren daga wurinmu ne, ga abin da za ku lura da shi, ga lambata." Kada ki ce wane ne ya ɗauko. Daga wurinmu ne, shi ke nan. A rubuta a fayil ɗinsa. In an ga maganin ya yi masa illa, a cike takardar nan mai ruwan ɗorawa ta NAFDAC ta kai rahoton illar magani, ko a aika ta manhajar Med Safety. Na san akwai tsoron kada iyali su tayar da rigima. A abin da na gani tsawon aikina, mutane sun fi yafe wa wanda ya zo ya faɗa musu da kansa a kan wanda suka gano daga baya ya rufe su.

Yanzu ki tambayi kanki, me ya sa yaron nan ya gwammace ya ƙona man mashin ɗinsa, ya shiga unguwar da bai sani ba, ya yi sallama a ƙofar mutane, a kan ya taka taku uku ya zo teburinki? Ruwa ba ya tsami banza. Yana tsaye ranar da kika yi wa Baba tsawa. Ya ga mutumin da ya shekara 26 yana aiki ya koma ciki ya zauna kansa a sunkuye, sai ya yi lissafi: in wannan dattijo haka aka yi masa, ni da ko shekara biyu ban cika ba fa? Matsalolinki biyu ɗin nan ɗaya ce. Tsawar ta ceci yaro ɗaya a ranar, amma ta toshe miki kunnen da za ki ji kuskuren gobe da shi. Kuskure kuwa ba zai daina faruwa don ana tsoronki ba, labarinsa ne kawai zai daina zuwa miki, sai dai ki tsinta a bakin mai shara.

Ba ina cewa kin yi laifi da kika tsayar da ledar ba ne. Yaro mai kilo 12 ƙwaya ɗaya ta 20/120 ake ba shi a kowane sha. Ƙwayar 80/480 ninki huɗu ce, ta wanda ya kai kilo 35 zuwa sama, kuma sau shida zai sha ta cikin kwana uku. Da kin yi kara kin bari matar ta fita don kada Baba ya ji kunya, da wata irin amsa zan ba ki yau, mai zafi. Hannunki ya yi daidai. Bakinki ne ya wuce gona da iri, ya jingina wa mutum niyyar kisa a gaban jama'a, magana kuwa zarar bunu ce.

Akwai kuma tambayar da ba ki yi ba, wadda ya zama dole in yi miki. Yaya aka yi leda ta kai hannun uwar yaro ba ta bi ta hannunki ba? Yaya aka yi chlorpropamide ya fita har ya kwana a gidan mutane ba ki gan shi ba? Teknishan ma'aikaci ne mai horo, ya yi karatunsa a kwalejin fasahar lafiya, yana da rajista da Hukumar Kula da Harhaɗa Magunguna ta Najeriya, PCN, wadda sabuwar dokarta ta 2022 ta haɗa ku duka ƙarƙashin inuwa ɗaya, ku da su da masu kyamis. Amma a inda akwai famasis, ƙarƙashin kulawarsa teknishan yake aiki. Dubawar ƙarshe taki ce. In abu ya ɓaci, lasisinki za a fara tambaya.

A shekarar 2006, a wani asibitin yara da ke Cleveland a jihar Ohio ta Amurka, wata teknishan ta haɗa wa yarinya 'yar shekara biyu ƙarin ruwan maganin ciwon daji. Maimakon ruwan gishiri na kashi 0.9 cikin ɗari da aka saba, sai ta yi amfani da mai kauri na kashi 23.4. Famasis ɗin da ke bakin aiki, Eric Cropp, ya duba ya sa hannu bai lura ba. Ranar ma'aikata sun yi ƙaranci, kwamfuta ta tsaya da safe, aiki ya taru. Yarinyar ta rasu bayan 'yan kwanaki. Shi aka ƙwace wa lasisi, shi aka yanke wa wata shida a kurkuku a 2009, teknishan ɗin kuwa ba a gurfanar da ita ba. Sai bayan wannan rashi jihar ta yi dokar da ta wajabta wa teknishan cin jarrabawar cancanta kafin ya kama aiki, aka sa mata sunan yarinyar, Emily. Daga baya mahaifin yarinyar da kansa ya yafe wa Cropp, har suka riƙa tsayawa tare a gaban ma'aikatan lafiya suna bayanin cewa ɗaure mutum ɗaya bai gyara yanayin aikin da ya haifar da kuskuren ba. Na kawo miki wannan ne don ki gane cewa idan kin je gyara teknishan, ba alƙali ba ce ke da ta zo daga waje. Kina cikin maganar tsundum. Wanda ya san da hannunsa a ciki kuwa, muryarsa takan sauka da kanta.

To sai Baba.

Ki je ki same shi, ke kaɗai. Ba a taga ba, ba a ofishin oga ba, ba kuma ta hanyar aike ba. Ki bari ya dawo daga sallar La'asar layi ya tsagaita, ko a tashi aiki kowa ya watse. Ki shiga inda yake zaune a sito, ki rusuna ki gaishe shi yadda za ki gaida mahaifinki. Durƙusa wa wada ma ba gajiyawa ba ne, balle dattijo. Ki ce masa, "Baba, na zo ba ka haƙuri. Maganar da na faɗa maka ranar nan a gaban mutane ba ta dace ba, ba haka aka rene ni ba. Tsoro ne ya kama ni da na ga ƙwayar a hannun matar. Ka yafe mini."

Nan ki tsaya, ki ba shi wuri. Ƙila ya ce ba komai, ya wuce. Ƙila ya yi shiru mai tsawo. Ƙila kuma ya amayar da abin da ya tara mako uku, har da abin da ya tara tun kafin ki zo, domin irinsu Baba sun ga famasis da yawa sun zo sun wuce, kowa da sabon tsarinsa, su kuma suna nan a matakin albashinsu suna koya wa sabon zuwa inda makullin firji yake. Ki saurara, kada ki kare kanki.

Amma ga inda nake son ki riƙe da kyau. Haƙurin da za ki bayar na lafazi ne da na wuri, ba na gyaran ba. Kada kunya ta ja ki ki ce, "Ai ba wani abu ba ne Baba, kowa ma yana yi." Wani abu ne. Ninki huɗu ne a cikin ƙaramin yaro. In kin shafe kuskuren don ki sayi shiri, kin ci amanar matar nan da ɗanta, kin kuma raina Baba, domin ya fi ki sanin nauyin abin da ya faru, shi ya sa ma ya kasa haɗa ido da ke. Bayan ya huce sai ki ce, "Baba, ina son mu duba tare yadda aka yi na manya ya zo hannunka, don ni ma gobe zai iya zuwa nawa."

Ki lura, yaya aka yi za ki tambaya, ba me ya sa ka yi ba. Ta farko tana buɗe baki, ta biyu tana sa mutum neman mafaka. Za ki sha mamakin abin da zai fito. Ƙila kwalayen biyu na kamfani ɗaya ne, launi ɗaya, lamba ce kawai ta bambanta, kuma suna jingine da juna a kanta. Ƙila na yara ya ƙare wani ya cike gurbinsa da na manya. Ƙila nauyin yaron yana can lungun takarda da rubutun likita irin na tafiyar kaza. Ƙila ana yi masa magana ta taga biyu lokaci guda. Ƙila kuma idonsa ne ya fara gajiya da ƙananan lambobi, abin da ke samun kusan kowa in shekaru suka haura 40, kuma namiji dattijo ba zai faɗa wa 'yar cikinsa wannan ba sai ya amince da ita. In kin hango haka, kada ki furta a zaman farko. Ki fara sa a ƙara fitila a kan teburin, maganar tabarau ta biyo baya ta bakin wanda yake sa'ansa.

Zan gaya miki abin da ya same ni. Ina sabuwar fitowa, a wani asibiti da ba sai na faɗi sunansa ba, wata mata ta miƙo takarda. Na karanta carbamazepine, maganin farfaɗiya, na ɗauko na fara ƙirgawa. Akwai wani tsohon ma'aikaci a gefena, irin waɗanda ake kira disfensa a lokacin. Sai na ji ya matso, ya ɗora ɗan yatsa a kan takardar, ya ce a hankali yadda ni kaɗai zan ji, "Ranki ya daɗe, ko za a ƙara karanta layi na biyu? Na ga wuyanta." Na ɗaga kai. Matar tana da maƙoƙo, idanunta sun firfito, hannun da ta riƙe mayafi da shi yana rawa. Carbimazole, maganin irin wannan maƙoƙon, likita ya rubuta. Na mayar da ƙwayoyin cikin gwangwani hannuna na karkarwa, na ɗauko na daidai. Matar ta karɓa ta yi godiya ta tafi, ba ta san an yi komai ba. Da aka tashi ya same ni ya ce, "Kafin ki kalli kanta, ki riƙa kallon mai takardar." Bai sake tayar da maganar ba har ya yi ritaya. Allah ya jiƙansa. Tun daga ranar, duk abin da na yi shakka a kansa wurinsa nake fara zuwa, shi ma in ya yi tuntuɓe ni yake fara gaya wa.

Irin wannan hannunka mai sanda nake son ki koya don tagarki. Ku yi yarjejeniya ku uku a kan kalma guda da kowa zai iya faɗa wa kowa, har ke, misali "a ƙara dubawa". Duk wanda aka ce wa haka ya tsaya, babu musu, babu tambaya a gaban mutane. Ga mai karɓa kuma sai ki ce, "Hajiya, ɗan ba ni ledar in ƙara tabbatar da nauyin yaron." Ba ƙarya kika yi ba, abin da za ki yi ke nan. Maganin da bai bar taga ba babu buƙatar shela a kansa. Wanda ya riga ya fita shi ne ba a ɓoye wa mai shi. Bayanin kuma ya biyo baya a ranar, cikin sirri, kafin kowa ya manta yadda abin ya gudana. Kada ki tara kurakuran mutum na wata uku ki zazzage masa rana ɗaya. Akwai baitocin da ake jingina wa Imam Shafi'i inda yake cewa a yi masa nasiha a keɓe, domin nasiha a cikin taro wani nau'i ne na tozartawa. Kin ga shaidar haka da idonki.

Game da "ranki ya daɗe, a duba" da Baba yake miki, na san da ɗaci a ciki, amma kada ki kashe al'adar. Ki juya ta. Ki karɓa ki duba da gaske, ki yi godiya, sannan in ke kika haɗa magani ki tura masa ki ce, "Baba, duba mini nawa." Ran da ya kama miki kuskure, kuma zai kama, ki gode masa yadda yaron zai ji. Ranar ce gabar za ta mutu.

Sai takardar tuhuma. Ra'ayina shi ne kada ki rubuta wa Baba, kada kuma ki rubuta wa yaron a wannan karon, kuma ga dalilina. Ba kowane kuskure ne jinsi ɗaya ba. Akwai na ajizanci, mutum yana bin ƙa'ida hannunsa ya zame ko idonsa ya yaudare shi. Chlorpromazine da chlorpropamide harafi takwas na farko duk ɗaya ne, in an jera kanta bisa haruffa kuwa maƙwabta ne, kuma sun daɗe cikin jerin sunayen da hukumomin magani na duniya ke gargaɗi a kansu. Hukunta mutum a kan wannan ba ya gyara masa ido. Akwai kuma na ganganci da sabo, mutum ya yanke hanya saboda ya sha yi bai ga komai ba: ba ya tambayar shekarun majinyaci, yana gane magani da launin kwali ba da karanta suna ba, yana miƙa leda kafin a duba don layi ya ragu. Wannan zama yake so da koyarwa da bibiya, kuma sau da yawa za ki tarar kowa a ɗakin haka yake yi, har ke. Na ukun shi ne wanda ya san haɗarin ya take: ya zo aiki a buge, ko yana karkatar da tramadol, ko ya musanya magani da saninsa don riba, ko ya goge rajista, ko an zauna da shi sau da yawa ya ce shi ba mai canzawa ba ne. Wannan ki rubuta masa ba tare da jin nauyin furfurarsa ba, in ta kama har gaban PCN.

Ɗaukowar da yaron ya yi ta jinsin farko ce. Ɓoyewar ita ce babba, kuma dole ya ji haka daga bakinki ba tare da kwana-kwana ba. Ki zaunar da shi ki fara da abin da ya yi daidai, domin wanda ba shi da imani ba zai hau mashin ya bi majinyaci gida ba, shiru zai yi ya bar wa Allah. Sannan ki bayyana masa abin da bai sani ba, wato cewa ƙwayar da aka riga aka haɗiya ba a karɓo ta da mashin, kuma shirunsa ya hana a auna sukarin mutumin a lokacin da ya fi buƙata. Ki ce masa, "Duk kuskuren da ka kawo mini da kanka, ni da kai za mu gyara, ba zan tozarta ka ba. Wanda ka ɓoye na gano, shi ne zan rubuta." Ki cika duka biyun. In kin saɓa na farko sau ɗaya, ba zai sake kawo miki ba har ki bar asibitin.

Wurin oga kuma kada ki je hannu rabbana kina roƙon a yi haƙuri, zai ɗauka tausayi ne irin na sabon shiga. Ki je da rahoto a rubuce na abubuwan biyu: abin da ya faru, abin da aka yi wa majinyaci, abin da ya jawo, da abin da kuka canza. Ki sa naki kason a ciki, cewa dubawar ƙarshe ba ta gudana ba. In ya ce sassauci ne, ki tuna masa cewa Hukumar Lafiya ta Duniya da ta ƙaddamar da gangaminta kan illar kuskuren magani a 2017, ta ƙiyasta asarar da yake jawowa a duniya da dala biliyan 42 a shekara, kuma tsarin aiki ta nuna wa yatsa, ba ta ce a ƙara yawan takardun tuhuma ba. Wani masani ɗan Ingila, James Reason, ya kwatanta matakan kariya da yankan cuku mai huji-huji. Ni da zana nake kwatantawa. Zana ɗaya ana hango tsakar gida ta cikinta, in an jingina uku ba a ganin komai sai ran da ramukansu suka yi saiti. Likita zana ne, teknishan zana ne, ke zana ce, mai karɓar magani ma zana ne in an tambaye shi. Ranar mai chlorpropamide duk ramukan sun haɗu, ba na yaron kaɗai ba. In oga ya dage sai an rubuta, ikonsa ne, amma ki nemi a haɗa da rahotonki.

Abin da za ku canza ba ya buƙatar kasafin kuɗi. Ki ba Baba jagorancin sake jera kanta, shi ya san ɗakin, mai ɗaki kuwa shi ya san inda yake masa yoyo. A raba masu kama da juna, a rubuta bambancin da manyan baƙaƙe da jan alƙalami, chlorproMAZINE can, chlorproPAMIDE nan. Maganin zazzaɓin yara ya koma kantarsa daban, a manna jadawalin nauyi a bango daidai ido: kilo 5 zuwa ƙasa da 15 ƙwaya ɗaya, 15 zuwa ƙasa da 25 biyu, 25 zuwa ƙasa da 35 uku, daga 35 huɗu. Duk takardar yaro a zagaye nauyinsa da biro kafin a taɓa kwali. Kafin a miƙa leda a tambayi mai karɓa, "Na wane ne? Shekarunsa nawa? Me ke damunsa?" Da an yi wa ɗan uwan majinyacin nan tambaya ta uku, da ya ce ba ya barci yana surutai, da maganin sukari bai fita ba. In layi ya fi ƙarfin ki duba kowace leda, to aƙalla na yara da na masu ciki da na sukari da na ƙwaƙwalwa da na zuciya kada su fita sai ido biyu sun gani.

Ki sayi littafi mai bango mai ƙarfi ki ajiye a cikin aljihun tebur, a riƙa rubuta duk kuskuren da aka kama kafin ya fita, ba tare da sunan kowa ba: rana, magani, abin da ya so faruwa, abin da ake zaton ya jawo. Shafin farko ki cike shi da naki, da rubutun hannunki yadda za su gane. Ranar Alhamis kafin a buɗe taga ku ba shi minti goma ku karanta tare. In wata ya wuce littafin babu komai, ba alamar an daina kuskure ba ce, alamar har yanzu ana tsoronki ce, sai ki ƙara haƙuri.

Ki fara da majinyacin, sannan Baba, sannan yaron, oga a ƙarshe. Ki rubuto mini abin da awon sukarin ya nuna, da abin da Baba ya ce game da kwalayen nan biyu. Allah ya ba majinyacin lafiya, ya yi miki jagora.

Gwaggonki